Ɗan zaburan kurmi da ba a cika gani ba: ƙaranci ne ko ɓuya?

Ɗalibar Ƙwari:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a karatun ilimin dabbobi, kuma aikin da aka ba ni ya shafi wani dangi na malam-buɗe-littafi da masana ke kira Hesperiidae. A jerin sunayen da aka tattara daga dazuzzukan Afirka na ci karo da wani mai suna Osphantes ogowena, wanda ake cewa yana da wuyar samu, amma ƙasashen da aka lissafa masa sun faro daga Gini da Saliyo, sun bi ta Kwaddibuwa da Gana da Nijeriya da Kamaru da Gabon da ƙasashen Kwango biyu, har sun dangana da Zambiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda za a ce halittar da ta ratsa nahiya haka tana da ƙaranci. Ina roƙon wanda ya sani ya warware mini.

Malamin Halittu:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin a kai ga amsarki, ya kamata sauran jama'a su san irin halittar da ake magana a kai. Wannan dangi yana da nau'i fiye da 3,500 a duniya, kuma fiye da 500 daga cikinsu a Afirka suke. Wanda bai saba da su ba zai ɗauka ƙwaron dare ne irin mai zagaya fitila, domin jikinsu kakkaura ne, kansu faffaɗa, idanunsu manya, fukafukansu kuma gajeru idan aka gwada da girman jikin, yawancinsu masu launin ƙasa-ƙasa. Alamar da ake gane su da ita tana ga 'yan ƙahonnin nan biyu na kansu: na sauran malam-buɗe-littafi suna ƙarewa da ɗan dunƙule kamar kan ashana, nasu kuwa bayan dunƙulen sai bakin ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ba sa lilo a iska kamar 'yan'uwansu, fizga suke yi daga ganye zuwa ganye har ido ya kasa bin su, shi ya sa Turawa suka ba su sunan da ke nufin mai tsalle-tsalle. Ni a aji 'yan zabura nake ce musu.

Shi wanda kika ambata, wani masani Bafaranshe mai suna Paul Mabille ne ya fara bayyana shi a 1891, kuma daga kogin Ogowe na Gabon aka ciro sunan ogowena. A 1896 wani Ba'amurke, William Holland, ya ware masa rukunin Osphantes, wanda shi kaɗai ne a cikinsa.

To, jerin ƙasashe yana ruɗin mai karatu. Ƙasa tana shiga jerin ko da guda ɗaya tak aka taɓa kamawa a cikinta shekaru hamsin da suka wuce. Wannan ƙwaro mazaunin kurmi ne mai dausayi da ruwan sama mai yawa, saboda haka idan aka rubuta Nijeriya, ba duk Nijeriya ake nufi ba, ɗan siririn yankin kurmin kudu ake nufi, kuma a cikin yankin ma sai inda kurmin bai lalace ba. Da za a zana ainihin wuraren da aka same shi, ɗigo-ɗigo za ki gani a warwatse, tsakaninsu tafiya mai nisa.

Malamar Labarin Ƙasa:
Allah ya gafarta Malam, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya da na lura da shi a jerin da ƙanwata ta kawo. Daga Gana aka tsallaka zuwa Nijeriya, ba a ambaci Togo da Benin ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. A daidai nan ne ƙasar ciyawa ta gangaro daga arewa har ta taɓa bakin teku, daga kudu maso gabashin Gana ta ratsa Togo da Benin, ta raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Ana kiran wurin Giɓin Dahome. Ƙurar furanni da aka tono daga ƙarƙashin tafkunan yankin ta nuna cewa a da kurmin a haɗe yake, sai kimanin shekaru 4,000 da suka wuce yanayi ya bushe, giɓin ya buɗe. Ke nan 'yan zaburan da ke Saliyo da Kwaddibuwa da Gana a yanke suke daga na Kuros Riba da Kamaru da Gabon tun kafin gatari ya shiga maganar. Ƙwaron da ba ya fita daga inuwa, ɗaruruwan kilomitoci na fili a wurinsa tamkar teku ne.

Mai Kyamara:
Ni kam ina da ja a kan kalmar ƙarancin nan. Na yi shekaru ina shiga kurmi da kyamara, kuma abin da na koya shi ne idonmu bai kai rabin dajin ba. Rufin kurmi yana kai mita 30 zuwa 40, wasu itatuwan ma su zarce haka, mu kuma muna tafe a ƙasa, inda hasken rana da ke isowa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. Ƙwaro mai launin busasshen ganye, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya sauka a bayan ganye cikin wannan duhu, wa zai gan shi? Ga kuma maganar lokaci. Da yawa daga cikin 'yan zaburan kurmi da sassafe suke tashi ko gab da magariba, a daidai lokacin da mai bincike bai shigo ba tukuna ko ya riga ya kama hanyar masauki. Sau da yawa na ji ƙarar fukafukansu a gefen kunnena da almuru, kafin in ɗaga kyamara sun ɓace. Saboda haka a ganina wannan halitta tana nan da yawanta, mu ne ba mu iya nemanta ba.

Ɗalibar Ƙwari:
Yaya Mai Kyamara, abin da kuka faɗa ya yi daidai da abin da ya same mu. Mun rataya tarkon raga da ruɓaɓɓiyar ayaba har tsawon mako biyu, muka kama manyan malam-buɗe-littafi masu sheƙi irin su Charaxes da Euphaedra, amma ɗan zabura ko ɗaya bai shiga ba. Na ɗauka wurin ne babu su.

Malamin Halittu:
Ba wurin ba ne, tarkon ne. Tarkon ayaba na masu shan ruwan ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ne, 'yan zabura kuwa furanni suke bi, da kashin tsuntsaye, da danshin ƙasa. Duk wanda ya dogara da tarkon ayaba kaɗai zai rubuta rahoton da babu su a ciki, na bayansa kuma ya ɗauko rahoton ya ce ba su da yawa.

Malam Mai Kyamara yana da rabin gaskiya, kuma akwai hujjar da ke goyon bayansa. Marigayi Torben Larsen, masanin nan ɗan ƙasar Denmark da ya yi shekaru yana nazarin malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, ya tattara kusan nau'i 600 a tsaunukan Oban na Kuros Riba a 1995, amma ya ƙiyasta cewa abin da ke wurin zai kai 950. Idan gwani irinsa ya san fiye da kashi ɗaya cikin uku sun kuɓuce masa, to lallai rashin gani bai zama rashin samuwa ba.

Amma in an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Akwai wasu 'yan zaburan da su ma masu duhun launi ne, masu sauri, masu tashin almuru, duk da haka akwatunan gidajen adana kayan tarihi na London da na cibiyar binciken malam-buɗe-littafi ta Nairobi cike suke da su. Masu raga ɗaya ne, hanyoyin daji ɗaya ne, shekaru fiye da ɗari ana bi. Idan wani nau'i ya fito sau ɗari, wani kuma sau ɗaya, ɓuya kaɗai ba za ta bayyana wannan bambanci ba. Kurmin wurare masu zafi haka tsarinsa yake: nau'o'i kaɗan ne masu yawan jama'a, sauran ɗimbin kuwa kowanne 'yan tsiraru ne. Abin da ya fi damuna ma ba adadinsu ba ne. Ko suna da yawa ko kaɗan, ba a samun su sai a kurmi, kuma kurmin ne ke ƙarewa.

Manomin Kwakwa:
Malam, ku yi mini afuwa, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma ina da gonar kwakwar manja kuma ina ganin abin da kuke bayyanawa. Akwai tsutsar da ke naɗe ganyen kwakwa ta ɗinke shi da zare ta shige ciki, ta riƙa fitowa tana cin ganyen, kuma jami'in gona ya ce mini ɗan zabura take zama. Mu a wurinmu ɓarna take yi, har magani muke fesawa. To idan suna rayuwa a gonata har suna damuna, yaya za a ce sai kurmi? Gonar kwakwa ma ai itatuwa ce, akwai inuwa, akwai kore. Wanda ya sare daji ya dasa kwakwa ko koko ai itace ya mayar a gurbin itace.

Malamin Halittu:
Alhaji, abin da kuka gani gaskiya ne, kuma kun bayyana halin tsutsar fiye da yadda ɗalibaina ke yi. Kusan duk tsutsotsin wannan dangi haka suke gina ɗaki da ganye. Wanda ke damun ku zai kasance irin su Pteroteinon laufella ko wani daga rukunin Zophopetes, waɗanda abincinsu ganyen kwakwa ne da danginta, saboda haka da aka shimfiɗa musu gona mai dubban itatuwan kwakwa, gaba ta kai su. Akwai kuma Coeliades forestan mai farin ɗamara a fiffike, wanda ake gani har a lambunan cikin gari. Amma waɗannan 'yan kaɗan ne a cikin ɗaruruwa.

Sirrin yana ga abincin tsutsa. Uwar ba ta yin ƙwai a kan kowane ganye, kowane rukuni da tsiron da ya sani. Wasu, kamar Semalea da Xanthodisca, dangin citta suke bi, waɗanda ke tsirowa a inuwa. Wasu, kamar Osmodes, dangin ganyen fita suke ci, wato irin faffaɗan ganyen nan da ake ƙunshe goro da shi. Artitropa da Gamia kuwa sai tsiron da ake kira Dracaena. Wasu na kan tukurwa da kwakwar daji mai hawa itace a bakin fadama. Galibin waɗannan tsirrai na ƙarƙashin kurmi ne, kuma su ne abin farko da ake sharewa idan za a yi gona. Gonar kwakwa nau'in itace ɗaya ce a jere, ƙasanta a share, rana tana ratsa ta, iska tana busar da ita da rani. Kadada ɗaya ta kurmi kuwa tana iya ɗaukar nau'in itace fiye da ɗari, hawa-hawa, da kurangar daji da ruɓaɓɓen ganye da danshin da ba ya yankewa. Daga nesa duka kore ne, amma uwar da ke neman ganye guda ɗaya da za ta aza ƙwanta ba za ta same shi a gonar ba.

Tsohon Jami'in Gandu:
Na yi shekaru talatin a aikin gandun daji kafin in yi ritaya, kuma ina so in tsaya a kan maganar danshin nan, domin da idona na ga yadda yake tafiya. Ba sai an share daji duka yake mutuwa ba. A wani gandu da na yi aiki, an ba da izinin cire manyan itatuwan katako kaɗai, aka ce sauran za su tsaya. Amma kowane babban itace idan ya faɗi yakan tafi da na kusa da shi, ga hanyar da aka fasa wa motocin ɗaukar gungume. Bayan shekara biyu wuraren da ƙafa ke nutsewa a laka da rani suka zama ƙura, ciyawar nan mai saurin mamaye wuri da ake kira Akintola ta cika giɓin, 'yan ƙoramu suka fara ƙafewa kafin lokacinsu, kuma wutar daji ta shiga inda ba ta taɓa shiga ba. Na rubuta wa na gaba da ni har sau uku, ba a amsa ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Akwai wani dogon bincike da aka fara a dajin Amazon na Brazil a 1979 a kan gutsattsarin kurmi, wanda ya nuna cewa zafi da bushewar fili suna kutsawa cikin daji mita 100 ko fiye daga bakinsa. 'Yata ɗaliba, ki yi lissafin da kanki. Kurmi mai kilomita ɗaya a kowane gefe kadada 100 ne. Idan kika cire mita 100 ta kowace fuska, abin da ya rage mita 800 sau 800 ne, wato kadada 64. Idan hanya ta ratsa tsakiyarsa kuma, sai ki sake cirewa ta gefenta biyu. A takarda dajin yana nan da girmansa, amma gidan ɗan zaburan ya ragu da kusan rabi.

Shi ya sa manyan wurare suke da daraja. Gandun ƙasa na Kuros Riba, wanda aka kafa a 1991, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000 a sassa biyu, Oban da Okwangwo, kuma Oban yana manne da gandun Korup na Kamaru. Okomu na jihar Edo bai wuce murabba'in kilomita 200 da 'yan kai ba, ga gonakin roba da na kwakwa sun kewaye shi.

Manomin Kwakwa:
Baba, na ji bayaninku kuma ban musa ba. Amma ku dubi wanda ke bakin dajin. Yana da iyali, ƙasar da ya gada ta gaji, ga kurmi a gabansa mai ƙasa baƙa. Idan aka ce masa ya bar shi saboda wani ƙwaro da ko masu bincike ba sa gani, me zai ci? Kuma mu faɗi gaskiya, ƙaramin manomi da addarsa ba shi ne ya fi ɓarna ba, amma shi ake kamawa, masu manyan motoci kuwa su wuce da takarda a hannu.

Malamar Labarin Ƙasa:
Alhaji, wannan magana taku babu mai ture ta, kuma duk kiyaye dajin da aka gina a kan korar talaka ba ya ɗorewa. Amma akwai misalin da ya nuna cewa mutanen bakin daji su ne suka fi iya tsaronsa idan yana hannunsu. Al'ummar Ekuri a Kuros Riba suna riƙe da kurmin kakanninsu mai kadada fiye da 30,000, suna samun abin masarufi daga ganyaye da 'ya'yan itacen daji, kuma da aka fito da shirin babbar hanya mai kilomita 260 a 2015, wadda za ta ci wani ɓangare na dajin, suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka sauya shirin a 2017. Ba don ɗan zabura suka yi ba, don ruwansu da abincinsu suka yi, amma shi ma ya tsira a inuwarsu. Ko a noman koko, wanda ya bar manyan itatuwan asali a gonarsa, ya kuma bar bakin rafi da tsirransa, yana riƙe da ƙwarin daji fiye da wanda ya share ƙasa tas, ko da yake hakan ba ya maye gurbin kurmi na ainihi. A Gabon, inda kogin da ya ba ƙwaron nan suna yake, an ware gandun ƙasa 13 a 2002, kuma har yanzu daji ya rufe fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar. Sai dai jama'arsu kaɗan ce, ba za a gwada matsin da ke kansu da na Nijeriya ko Kwaddibuwa ba.

Mai Kyamara:
Ina da tambaya ga Malam. Zambiya ai ba ƙasar kurmi ba ce, yawancinta daji ne mai sarari. Yaya aka yi ta shiga jerin?

Malamin Halittu:
Ta bakin koguna. A arewa maso yammacin Zambiya, kusa da iyakar Kwango, akwai siraran kurmi da ke bin gaɓar ruwa kamar zare, kuma ta nan halittun kurmin Kwango da yawa suke gangarowa kudu. Mu ma muna da irin wannan, kuma Bahaushe ya daɗe da ba shi suna, domin kalmar kurmi da kanta tana nufin dunƙulen daji mai duhu a tsakiyar sarari. Akwai na Kagoro da Nindam a kudancin Kaduna, akwai na gandun Gashaka Gumti, akwai Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila. An sami tsuntsaye da ƙwarin kurmin kudu a irin waɗannan wurare, nesa da inda ake zaton su. Su ne kuma suka fi saurin lalacewa, domin kurmin da faɗinsa bai wuce mita 50 ba duk baki ne, ba shi da ciki, kuma noman rani da wuta suna cin sa ta gefe biyu.

Ɗalibar Ƙwari:
Malam, akwai abin da ke damun zuciyata. Idan na dace na ga irin wannan ƙwaro, an ce sai na kama shi na kashe kafin a yarda da rahotona. Yaya za a kashe abin da ake kukan ƙarancinsa?

Mai Kyamara:
Ƙanwata, ni shi ya sa na ajiye raga na ɗauki kyamara. Hoto mai kyau na saman fiffike da ƙasansa, da kwanan wata da daidai wurin, idan aka ɗora a iNaturalist, wato shafin intanet na hotunan halittu, masana daga ko'ina suna dubawa, kuma ƙwaron ya ci gaba da rayuwarsa.

Malamin Halittu:
Hoto yana isa ga nau'o'i da yawa, kuma da shi ya kamata a fara. Amma a cikin 'yan zabura akwai rukunoni irin su Gorgyra da wasu ke kama da juna ƙwarai, har sai an duba gaɓoɓin haihuwar namiji a madubin ƙara girma, ko an gwada ƙwayoyin gado daga ƙafa guda, kafin a tabbatar da suna. Rahoton da aka gina a kan kuskuren suna ya fi rashin rahoto illa, domin zai sa a ɗauka nau'in yana inda babu shi. Ɗaukar guda ɗaya ko biyu da izinin hukumar gandu, a adana su inda wasu za su iya dubawa, ba shi ne ke ƙarar da ƙwaron da uwarsa ke yin ƙwai da dama ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kamun kasuwa da tarawa don ado.

Ga abin da zan ba ki shawara. Ki shiga daji kafin rana ta fito, ki kuma tsaya har magariba idan masu gadi sun yarda su raka ki. Ki nemi inda itace ya faɗi hasken rana ya sauko, da bakin rafi, da duk wani tsiro mai fure. Masu bincike a Kudancin Amurka suna jiƙa ɗan guntun farar takarda mai laushi da yawu su manna a kan ganye, ya yi kama da kashin tsuntsu, 'yan zabura su sauko, ki gwada. Mafi amfani kuma, ki riƙa duba ganyayen da aka naɗe a kan dangin citta da fita da tukurwa, ki ɗauki tsutsar da ganyenta ki rene ta har ta rikiɗa ta zama ɗan zabura, domin ta haka za ki san sunan ƙwaron da abincinsa a lokaci guda.

Tsohon Jami'in Gandu:
Ki kuma nemi tsofaffin mafarauta da matan da ke yankan ganye a ƙauyen da za ki sauka, 'yata. Ba za su san sunan Latin ba, amma sun san rafin da ba ya ƙafewa da kwarin da ba a taɓa sara ba, kuma a rana ɗaya za su kai ki inda taswira za ta ɓata miki wata guda.

Ɗalibar Ƙwari:
Na gode, Baba, na gode Malam da sauran jama'a, Allah ya saka da alheri. Zan sauya tsarin aikin gaba ɗaya. Zan ware layi uku, ɗaya a tsakiyar kurmi, ɗaya a mita 50 daga bakinsa, ɗaya kuma a gonar da ke maƙwabtaka da shi, in riƙa bin kowanne da asuba da yamma, in rubuta har ranakun da ban ga komai ba. Alhaji, idan kun amince, ina so ku turo mini hoton naɗaɗɗen ganyen kwakwar nan da tsutsar da ke ciki, yadda kan tsutsar zai fito a fili, domin in gwada da waɗanda zan samu a cikin daji.

Manomin Kwakwa:
Babu damuwa, 'yata. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga gona da safe, kuma layin da ke bakin rafi zan bar shi ban fesa ba har sai kin gama aikinki.